Ambrose Tierney, Wanda Ya Ƙi Ƙona Kwale-kwalen Masunta

A safiyar Talata, sha huɗu ga Agusta, 1934, matarka Winifred ta aiko mini cewa ciwon huhun nan ya ɗauke ka, Ambrose. Allah ne ya ba mu kai, shi ne kuma ya karɓi abinsa. Na zauna zan yi kuka, sai na tarar fushi ya riga hawaye zuwa.

Babban yaƙin duniya ya ƙare, muna Ingila muna jiran jirgin komawa gida Ostireliya, aka zo neman waɗanda za su je arewacin Rasha don raɗin kansu, inda 'yan ƙasa ke yaƙar juna. Ba wanda ya tilasta mana. Muka tuɓe kakin ƙasarmu, muka sa na Ingila. Ka ce mini, "Cyril, kai da sanyin Landan ke sa wa kuka, taso mu je ka gaida ubansa." Muka je muka tarar da fadama da sauro.

An sauke mu a wani ƙauyen masunta a bakin kogin Dvina, gidan wata tsohuwa mai suna Fekla. Ɗanta yana cikin sojojin kwaminisanci da ake kira Jajaye, waɗanda muke harbi, kuma ka sani. Duk da haka kai ke faskara mata itace, kana raba shayinka da ita. Da zazzaɓi ya kayar da ni, a bayanka ka goya ni har wurin likita, kana zagina duk tsawon hanya don kada in suma.

Da aka ce mu janye, hafsanmu ya ba da umarni a ƙona kwale-kwalen ƙauyen kakaf, kada abokan gaba su bi mu da su. Hunturu na tafe, mutanen nan ba su da abinci sai kifi. Kana da muƙamin saje a lokacin, kai aka miƙa wa kananzir. Ka ajiye shi a ƙasa, ka shiga kwale-kwalen Fekla ka zauna.

"Fito, Tierney, ko in harbe ka!" in ji hafsan.

"Harba mana, yallaɓai," ka ce. "Na zo yaƙar sojoji ne, ban zo kashe tsofaffi da yunwa ba."

Na shiga na zauna kusa da kai, wasu suka biyo. Hafsa ya duba fuskokinmu, ya mayar da bindigarsa kube. An tuɓe maka igiyoyinka, an kulle ka har muka iso Ingila. Amma mun bar ƙauyen nan da kwale-kwalensa a kan ruwa.

Jiya shugaban ƙungiyar tsofaffin sojojin garinmu ya hana a lulluɓe akwatin gawarka da tuta. Wai yaƙin Rasha ba namu ba ne, wai kuma kai mai bijire wa umarni ne. Ya riƙe tutarsa! Mu da muka zauna tare da kai a kwale-kwalen nan za mu ɗauke ka a kafaɗunmu, kuma ta ƙofar zauren taronsu za mu bi, ba ta lungu ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya gafarta mana jinin da muka zubar a ƙasar da ba tamu ba. Winifred, ke da 'ya'yanki Nora da Desmond, Allah ya ba ku haƙuri. Duk wanda ya ce mijinki ya ci amanar kaki, ki turo shi wurina. Ina nan da raina, kuma ni na gani da idona.