Ranar da na share gonar Kawu

Shekarun baya, lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Gadarif, na taɓa share gonar kawuna kaf, damina uku, ina zaune a ɗakin malamai da kofin shayi a hannu.

Danginmu a watse suke: wasu a Hawata, wasu a Basunda, wasu a Jidda. Sai wani ɗan'uwanmu ya buɗe mana ma'ajiya guda a intanet, kowa ya riƙa zuba hotunan suna da na biki. Ni kuma na haɗa ta da kwamfutata, ta yadda duk abin da aka zuba can zai sauko mini da kansa. A lokacin na ɗauka wayewa ce.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ke noma gonar kakanmu a Hawata. Tunda ciwon ƙafa ya hana mahaifiyata tafiya, duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya ɗauki waya ya zaga gonar yana ɗaukar bidiyo yana yi mata bayani, ya zuba a ma'ajiyar. Kawu bai san yanke bidiyo ba. Dawa a tsaye, iska na kaɗa ta, minti arba'in. In ya gamu da mutum a hanya, gaisuwar ma tana ciki, har da tambayar lafiyar awaki. Ranar Asabar mahaifiyata ta kalla a kwamfutata, wai allon ya fi faɗi.

Ana saura kwana biyu imtihan, wato jarrabawa, ina buga tambayoyin ajina, kwamfutar ta ce ba ta da wurin ajiye ko harafi ɗaya. Na duba, na ga dawar Kawu ce ta cinye wurin. Na ce ai mai sauƙi ne, asalinsu na can a intanet, nawa kwafi ne kawai. Na bar na makon, sauran na share, na bi su kwandon shara na ƙarasa su. Har na yaba wa kaina.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Kawu ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, wadda ta fi ta kullum, na san akwai magana.

"Ustaz," ya ce, "na buɗe wayata ban ga gonata ba."

"Wataƙila shabaka ce, intanet ɗin ba ƙarfi, Kawu."

"Shabaka lafiyarta lau. Ni ban yi madarasa ba, amma sunanka ina iya karanta shi. Ga shi nan an rubuta a ƙasan abin, wai kai ka cire."

Ya sassauta murya.

"Dawa dai ta wuce, mun ci. Amma a na damina ta farko akwai Yaya, Allah ya ji ƙansa, zaune a gindin aduwa yana yi mini faɗa wai na yi shuka da wuri. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Kada uwarka ta ji."

Yayansu ke nan, da ya rasu bara waccan. Malamin tarihi guda, ni ne na goge abin tarihi ɗaya tak da gidanmu ke da shi.

Abokiyar aikina, malamar lissafi, tana gefe tana duba takardu. Ta ji komai, don Kawu ko ya sassauta murya ana jin sa.

"Ya ustaz," ta ce, "ba kwafi ba ne. Nan da can abu ɗaya ne. Ka share nan, ka share wa kowa, har na Jidda."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ka ajiye shayin nan, ka matso da kwamfutar."

Ta sa na shiga ma'ajiyar ta shafinta na intanet. Ashe can ma akwai wani kwandon shara daban, wanda ke riƙe abu wajen wata guda kafin ya zubar. Ga gonar Kawu a jere, ko zangarniya ɗaya ba ta ɓata ba. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfin da ya sa malamin Larabci ya farka.

Amma in na mayar da su, za su sake sauko mini su cika kwamfutar, ga imtihan gobe. Nan ta nuna mini abin da ya kamata in sani tun farko: ana iya gaya wa kwamfutar ta bar kaya a intanet, ta riƙe sunayensu kawai, sai wanda ka buɗe ya sauko. Muka zaɓi hakan, sannan muka mayar da su. Wuri ya samu, tambayoyina suka shiga. Bidiyo ɗaya kaɗai na nema, na gindin aduwa, na ce wannan ya zauna a kwamfutar kullum. Na kuma kwafe shi a filasha biyu.

Na kira Kawu na ce ya duba. Ya duba, sannan ya ce, "Tamam. Ashe karatun naka bai tafi a banza ba duka."

Asabar ɗin shabaka ta ɗauke tun safe, sabon bidiyo ya ƙi saukowa. Mahaifiyata ta riga ta shimfiɗa tabarma. Na buɗe mata wanda ke ciki. Ta saurari yayanta yana faɗa har ƙarshe, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Gaskiyarsa ne. Da wuri ya yi shukar."

Tun daga ranar, kafin in share komai sai na tambayi kaina na wane ne, kuma wa ke cikinsa. Mahaifiyata har yau ba ta ji labarin ba, kuma ba ta karanta abin da nake rubutawa a nan, don haka ku riƙe mini amana. Kawu kuwa ya yafe, amma bai manta ba. Bidiyonsa yanzu awa guda ne cur, kuma ga abin da kowanne yake farawa da shi, kafin ma sallama: "Ustaz, wannan ma gona ce. A bar ta."