Kiɗan da Ke Tsakanina da Mai Gyaran Famfo

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, yayata, wadda ta yi aure a wani ƙauye na ƙasar Dogo, ta aiko mini da saƙo Damagaram. Injin famfon da garinsu ke sha da shi ya tsaya, rijiyoyi sun ƙafe sai laka, mata suna fita neman ruwa tun hantsi ba sa dawowa sai la'asar. Ita kuwa tsufa ya kama ta, ba ta iya ɗaukar tulu, abin da maƙwabta suka rage mata shi take sha. Akwai lambar wayar masu gyara a jikin tankin ruwan, amma mutanen garin sun kira har sun gaji. Ta ce ni da nake birni in gwada.

Bayan walaha na zauna a zaure na buga. Muryar mace ta fara da Faransanci, sannan ta juya Hausa. Na yi sallama, ba ta amsa ba, daga nan na gane na'ura ce, ita kuwa na'ura ba a ɗora mata wajibin mayar da sallama ba. Ta ce mai Hausa ya danna biyu, na danna. Ta ce mai ƙarar lalacewar famfo ya danna ɗaya, na danna. Sai kiɗa ya tashi, da ganga da wata sarewa. Na ce a'uzu billahi, na kashe, domin na ɗauka layin ya kauce ya faɗa gidan rediyo. Haka na yi ta yi kwana da kwanaki, kullum in kai ga kiɗan in katse, yayata kuma tana can tana jira.

Maƙwabcina tsoho ne sa'ana, ya yi aikin gidan waya tun yana saurayi har ya ajiye. Wata rana ya shigo ya iske ni ina kashewa.

"Malam, da wa kake faɗa?"

Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

"Ai kiɗan nan shi ne tabarmarsu. Cewa suke zauna, ana zuwa. Kai kuma da an shimfiɗa maka sai ka ɗauki takalmanka!"

Na ce, "Alhaji, wane irin gida ne ake tarar baƙo da makaɗa?"

"Irin gidan da ke da makanikan da kake nema. Ko ka tafi Dogo ka tofa wa injin addu'a?"

Na auna zancen a raina. Malamanmu sun rarrabe tsakanin abin da ya faɗa kunnen mai wucewa da abin da mutum ya zauna domin saurarensa, kuma ƙishin gari guda larura ce da ba ta bukatar dogon bincike. Duk da haka zuciyata ba ta so. Na daure na sake bugawa, da kiɗan ya tashi Alhaji ya ce a kife wayar a cikin kwanon sha don a rage ƙarar. Muka kife, sai kwanon ya ƙara mata amo, zauren ya zama kamar gidan biki, har uwargida ta leƙo tana tambayar wanda ya haihu. Na cire hulata na rufe wayar da ita, na kama carbi.

An jima kiɗan ya yanke. Daga ƙarƙashin hula wani saurayi ya yi sallama cikakkiya. Na amsa masa da sauri, kaina ba hula. Ya tambayi sunan ƙauyen, ya ce babu wanda ya taɓa sanar da su, kira dai yakan shigo ya fita kafin a ɗauka.

"Baba, ka yi haƙuri da jiran. Za a turo mai gyara."

Kafin Juma'a ta zagayo wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, ba a yi magana ba, sai sautin ruwa yana zuba a cikin jarka, da hayaniyar mata ana rigimar layi. Can na ji muryar yayata.

"Ka ji, ƙanena?"

"Na ji, Yaya. Kin sha?"

"Na sha, na yi wanka, har akuya ta sha."

Na ajiye wayar, na fuskanci gabas, na yi sujadar godiya.