Bahon Kifi a Rufin Motarmu

Maigidana dogo ne, irin tsayin da ko a tsakiyar sahu ana hango hularsa daga ƙofar masallaci. Ni kuwa tun ina firamare a layin gaba ake jera ni. Shekarar da annoba ta kulle mu a Kuala Lumpur muna zaune a wani bene a Taman Melati, shi yana digirinsa na uku, ni ina ɗan ɗinkina a gida. Jami'a a rufe, kasuwa a rufe, jirgin ƙasan da muke hangowa ta taga ma kusan wayam yake wucewa.

Wata safiya, bayan an ɗan sassauta doka, ya fita cefane ya dawo babu ko albasa, sai makullin mota a hannu.

"Hajiya, sa takunkuminki mu sauka ƙasa. Na yi miki ɗaki na biyu."

A wurin ajiye motoci na tarar da wata tsohuwar motar rarraba burodi, fara, ƙamshin burodin bai gama barin ta ba. Mai ita ne ya bar sana'ar, ya sallama ta da arha. Nan maigidan ya shiga zayyana min: ga inda gado zai zauna, ga wurin murhun gas, ranar da aka buɗe hanya mu nausa bakin teku, ba otal, ba cuɗanya da kowa. Ya taka ciki da karsashinsa, ya miƙe, sai ƙum! Hula ta yi gefe.

Na shiga a bayansa na tsaya cak. Ɗankwalina ne kawai ke shafar rufin. Na yi juyi, na yi taku har kujerar direba na dawo.

"Malam, ni fa ban ga matsala ba," na ce. "Mota daidai mutum."

Dariya ta ci ƙarfina har na zauna a ƙasa, shi yana duƙe a kaina yana murza ƙeya.

Mun yi gadon da katakon tsohuwar durowa, na ɗinka labule da ragowar atamfa. Amma maganar tsayuwa ta hana shi sakat. Ya ce ba zai yi tafiyar da ko wando sai a kwance zai sa ba, balle ranar da ruwa ya tsare mu a ciki lokacin salla ya yi. Ya kira masu ƙara wa mota rufi, aka gaya masa farashi, ya yi godiya ya kashe waya ya je ya kwanta. Ya ce to a sauke daɓen motar ƙasa. Da ya leƙa ƙarƙashi ya ga tankin mai a wurin, maganar ta mutu. Ya ɗauko kujerarsa ta karatu mai taya, wai zai riƙa yawo a zaune, sai ga shi wurin ajiyar yana da gangare, kujera ta kwashe shi har ƙofar baya. Ni na kawo shawarar a yanke rufin a yi masa rumfar tamfol mai ɗagawa, zan ɗinka. Amma shagunan yadi na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ba su buɗe ba, kuma duk wanda ya san ruwan saman garin nan ba zai amince wa ɗinkina da kansa ba. Ni ma ban amince ba.

Muna da maƙwabci, wani dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar, da kowa ke kira Pak Cik, wato baffa. Da can yana kiwon kifin ado, daga baya ya raba wa jikoki. Kullum da hantsi yana zaune nesa da mu a kan kujerar roba yana kallon wannan dirama. Ran nan ya yafito maigidan, ya kai shi bayan gini, ya nuna masa wani ƙaton baho shuɗi, mai kauri, mara nauyi, wanda ya yi kiwon kifinsa a ciki.

"Kife shi a sama," in ji shi. "Ai kanka ne kawai ke neman wuri, ba duk motar ba."

"Pak Cik, zai yiwu kuwa?"

"Boleh lah!" Zai yiwu mana.

Maigidan ya kinkimi bahon ya kifa a kansa don gwaji, ya taho wurina a haka, ƙafafu kawai nake gani. Daga ciki muryarsa ta fito da amo kamar mai magana a rijiya: "Ranki ya daɗe, an samu!" Ya yi karo da ginshiƙi.

Wanke bahon ya zama aikina. Na zuba omo, na zuba lemon tsami, na turara shi da turaren wutar da nake ta adanawa tun daga Kano. Ƙarni ya ce yana nan. Duk magen da ke unguwar sai da ta zo ta gaishe mu.

Da masu gareji suka buɗe, bayan maigidan ya gama zaryar neman izini, muka kai motar wurin wani mai walda. Ya yanke rufin daidai saitin murhu, ya kewaye wurin da ƙarfe, ya kifa bahon, ya ɗaure da kusoshi, ya bi da gam. Maigidan ya shiga ya miƙe a hankali, yana jiran ƙum, bai ji ba. Ya yi miƙa, ya ɗaga hannuwa, ya yi kabbara da ƙarfi har mai waldar ya leƙo a firgice. A hanyar dawowa masu babur suna ta nuna mu, ni kuma ina ɗaga musu hannu kamar amarya.

Muna isa ƙofar wurin ajiye motocinmu, mai gadi ya fito da gudu yana kaɗa hannu. Akwai wani ƙarfe da aka gitta a saman ƙofar, kullum ta ƙarƙashinsa muke wucewa, ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya dube shi. Bahon ya fi shi da kamar yatsa biyu. Muka dubi juna. Aka sace iskar tayoyi, saura ƙiris. Mai gadi ya shiga ya zauna, Pak Cik ya shiga, aka ɗauko buhun shinkafarmu da keken ɗinkina, kowa da takunkumi, kowa na ƙoƙarin kada ya taɓa wani. Mota ta ɗan lotsa, muka silale ciki, bahon yana ƙiiii a jikin ƙarfen. Pak Cik ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Washegari muka nemi wurin ajiya a waje.

Sai da aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi muka yi tafiyar. Muka yada zango a wani ƙauyen masunta, gab da ruwa. La'asar na yi, hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Maigidan ya daidaita motar ta fuskanci alƙibla, ya shimfiɗa sallaya, ya tsaya ƙyam, kai a cikin baho, ya tayar da salla. Ashe bahon yana da ɗan ramin zubar da ruwa a gindinsa, wanda yanzu ya koma sama, kuma mun cire toshiyar a hanya don iska ta shiga. Ruwa ya fara ɗiga a tsakiyar kansa, ɗis, ɗis, sannan ya zama zare. Bai motsa ba. Na rasa yadda zan yi, na hau kan gado na ɗauki kofin shayi na tara a saman hularsa, ina cije leɓe kada dariya ta ƙwace min. In ya yi ruku'u in huta, in ya ɗago in koma bakin aiki.

Da ya sallame ya dube ni, gemu na ɗiga.

"Ina toshiyar?"

"Tana aljihunka, Malam."

Ya laluba ya ciro ta, ya miƙa hannu ya toshe. Ruwa na dukan bahon kamar ana kiɗan ƙwarya. Na yi tawa sallar, shi kuma ya kunna murhu ya soya mana ƙwai a tsaye, har da juya kasko sama yana cafewa, ɗaya ya faɗi a kan takalmina.