Arz Bai Ɓace Ba, Ustaza Itto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran malamata, Dakta Itto Uhammu, a gidanta da ke garin Azru, bayan gajeriyar jinya.

Ustaza, kin ƙare rayuwarki kina zura bututu ƙasan tafkunan dutsen Atlas, kina zaro lakar da ta kwanta shekaru dubbai. A cikinta kike neman ƙurar furen da iska ta zubar, don ki gane irin dajin da ya tsaya a wurin kafin kakanninmu.

Ranar da na fara zama gaban madubin ƙara girma, ƙirga ƙwayoyin ƙurar furen kika sa ni. Ƙurar furen itacen arz da ta ɗan'uwansa sanaubar kowace tana da fikafikai biyu, idan ta murƙushe sai ta rikita ido. Na daɗe a kan ƙwaya ɗaya ina tsoron kuskure. Kika ajiye mini shayi kika ce, “Hadda, 'yata, aurenta za ki yi ne? In ba ki gane ta ba, ki ce ba ki gane ba, ki wuce. Laka ba ta ƙarya, mu ne ke yi mata.”

Kuɗin motata zuwa birnin Fas ma sau da yawa ke kika biya, kina cewa dama hanyarki ce. Ba hanyarki ba ce.

Lakar da kika zaro ta ƙarshe ita ta hana ki sukuni. Masu kula da daji suna shawarar daina dasa arz a gangaren tafkin da kika zaro ta, ganin fari yana kashe manyan itatuwa. Kika roƙe su su dakata. A tsakiyar lakar akwai wani sashe mai fari-fari, na wani tsohon zamanin fari. Idan arz ya rayu a wancan, akwai dalilin ci gaba da dashe. Na zo duba ki kina jinya, na ce ina fata mu samu ƙurar arz a sashen. Kika harare ni.

“Ba fata na aike ki ba. Ƙirga abin da kika gani.”

Ba ki kai ga jin sakamakon ba. Na gama sashen bayan sadakar bakwai, ni kaɗai, na sake bi daga farko. Ƙwayar da na yi shakka a kanta ban ƙirga ta cikin na arz ba, ko da raina yana so. Duk da haka yana nan a kowane yanki. Ya ragu ƙwarai, Ustaza, amma bai ɓace ba. Ban ce wannan ya tabbatar da gobe ba. Ba za ki yarda in faɗa ba. Na dai kai wa masu kula da dajin abin da na gani, sun ce za su yi dashen bana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Si Lahsan, da 'ya'yanki Zayid da Tuda, da ɗalibanki duka. Allah Ya ba mu haƙuri.