Nas Pyo, Wadda Ta Ƙi Karɓar Jinina

Ƙarfe bakwai da rabi motar karɓar jini ke tsayawa a ƙofar gabas ta kasuwarmu a garin Gunsan, tsakanin mai gasa dankali da rumfar lemo. Kafin direba ya kashe inji, Nas Pyo ta sauko. Takan fara kankare ƙanƙarar da ke kan matakala ta barbaɗa gishiri, don kada wanda ya ba da jini ya fito da jiri ya zame. Sai ta koma ciki, ta cusa hannuwanta a hammata, har su yi ɗumi. Ta ce ba a taɓa jijiyar mutum da hannu mai sanyi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki. Ranar jajiberin Kirsimeti za ta ajiye aiki. Babu taro, babu lambar yabo, sai kek ɗin da direba ya ce zai sayo. Ni kaya nake kaiwa a babur, magana ba sana'ata ba ce. Amma yin shiru a kan wannan mata butulci ne.

Disamba wata ne na yaudara. Fitilu ko'ina, waƙoƙin coci a lasifika, mutane na ture juna a layin nama. Amma makarantu sun tafi hutu, mura ta kwantar da rabin gari, jini na ƙarewa a asibitoci. Shi ya sa motar ke zuwa inda jama'a suke. Nas Pyo ta san rukunin jinin kusan kowane mai rumfa, ba tare da ta duba takarda ba. Da shi take tsokanarsu.

"Ɗan rukunin A mai riƙo, har yanzu fushin bara kake yi?"

"Ɗan rukunin O mai surutu, rufe baki ka miƙo hannu."

Direba ya ce bai taɓa ganin ta soki mutum sau biyu ba. Masu kifi sun ce ta taɓa gano ciwon wani dattijo daga bugun jininsa, ta raka shi asibiti da ƙafarta. Wannan ji na yi. Ga abin da na gani.

Bara warhaka babana, Bang mai busasshen kifi, yana kwance yana jiran tiyatar zuciya. Likita ya ce jini ya yi ƙaranci. Sai mun kawo mutum huɗu masu rukunin B su bayar da sunansa kafin hutun Kirsimeti, in ba haka ba a ɗage aikin zuwa sabuwar shekara. Na tambaye shi ko zuciyar za ta jira. Sai ya koma kan takardunsa.

Ni B ne. Wata uku da gama aikin soja. A takardar da ake cikewa akwai tambaya: ko ka zauna a yankin iyaka inda ake samun zazzaɓin sauro? Na san abin da e za ta jawo. Na rubuta a'a.

Ta karanta, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai ba ɗan Bang ba ne? Wata goma sha takwas babanka na cika mana kunne. Ɗana na Paju can bakin iyaka, sanyi zai kashe min shi a Paju. Yau kuma ba ka taɓa zuwa ba?"

"Inna, lafiyata ƙalau. Ko ciwon kai ban yi ba."

"Ƙwayar takan kwanta a hanta ta yi lamo. Sai ka cika shekara."

"Babana ne fa."

"Shi ya sa. Mai sabon ɗinki a ƙirji za ka ƙara wa zazzaɓi?"

Na miƙe. A gaban mutum biyar na ce mata tsohuwa mai bautar takarda. Na ce in ya mutu ita ta kashe shi.

Ta cire safar hannu, ta ce wa abokiyar aikinta za ta tafi cin abinci, ta ja rigar sanyi.

"Biyo ni. Jininka ba shi da amfani yau. Hannunka na da shi."

Ranar ce mafi gajarta a shekara, ranar shan kunun jan wake. Ba mai barin rumfarsa ko da za a tashi duniya. Ta nufi wajen Inna Bok-rye mai kunun, wadda layinta ya kai titi.

"Yau? Nas, kin ga mutanen nan kuwa?"

"Na gani. Ga mai juya miki tukunya."

Inna Bok-rye ta ƙare min kallo. "Wannan? Fuskarsa kaɗai ta isa ta tsinka kunu."

"An ce ku 'yan B son kanku ya yi yawa. Yau ki ƙaryata mutane. Jinin na Bang ne."

Ta kwance zanin aiki ta ɗaura min.

Haka muka wuni. Nas Pyo ta ja mutum zuwa mota, ni in tsaya a madadinsa. Kawu Man-su mai ɗanyen kifi, wanda ke fille kan kifi ɗari a rana, ya ce allura ba ta yi masa. Ta ce ya zo da wuƙarsa ya riƙe in zai ji daɗi. Ya tafi yana zagi, ya dawo yana nuna wa kowa auduga. Na ɓata masa kifi biyu. Mai barguna ta bayar. Mai gyaran takalmi ya bayar.

Inna Bok-rye kuwa ta dawo tana huci. An gwada, jininta ya yi ƙasa, Nas Pyo ta kore ta.

"Ta raba ni da tukunyata, ta ce in je in ci hanta! Kai kuma ka ƙona min ƙasan kunu!"

Uku ke nan. Ƙarfe biyar ake rufe mota, huɗu ta wuce. Na zauna a matakala. A raina na ce ai ko yanzu Nas Pyo ta rufe ido ta ɗebi nawa. Ta san abin da nake tunani, ba ta ko dube ni ba. Idonta na kan wani mutum mai jar riga a tsallaken titi, yana kaɗa ƙararrawa kusa da tukunyar sadakar coci.

"Dikon Seol! Ashe kai ne a cikin rigar nan? Tun bazara rabonka da ni."

"Nas, ba zan bar tukunya ba."

"Ba wa yaron nan ƙararrawar."

Ni da rabona da coci tun ina firamare, na tsaya cikin jar riga ina kaɗa ƙararrawa har aka zare masa allura. Biyar saura minti goma.

Kashegarin Kirsimeti aka yi wa babana aiki.

Nas Pyo, ke ce kika ce a'a lokacin da e ta fi sauƙi. Ke ce kika sha zagi a gaban jama'a, kika hana cikinki abinci saboda uban wanda ya zage ki. Hannun auduga, zuciyar ƙarfe. Ba ki taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban tayar ba. Shekara guda ina wuce motarki a babur ina sunkuyar da kai.

Ku da kuke karantawa, motar na nan har ƙarfe biyar na jajibere. Ku ci abinci kafin ku zo. Ku faɗi gaskiya a takarda, ko da za a kore ku. Wanda aka kora kada ya tafi gida, ya nemi rumfar wanda zai iya bayarwa ya tsare masa. Wata nas za ta karɓi kujerar a Janairu. Ku je mata kamar yadda kuka je wa wannan.

Jiya babana ya kama ni da faɗa don na ajiye kwalin kifi a inda rana ke bugu. Muryarsa har layin masu nama. Na tsaya ina saurare, ban so ya daina ba.

Ki yafe min, Inna. Na gode.