Ranar da Na Dafa Darar Baba

A Kurfi, idan aka ce mai jar dara, kowa ya san Babana ake nufi. Malamin sikeli ne a wurin awon auduga, kuma tun kafin a haife ni yake da wannan hula. Ja ce wur, ta gashin tumaki da aka danne ya yi kauri, ba saƙa ba ɗinki, da baƙin tuntu yana reto ta wajen kunnensa na dama. Abokansa kan canja huluna ranar Juma'a da ranar suna, shi kuwa ita ɗin ce dai. Yakan ɗan karkata ta gefe, kuma daga yadda ya karkata ta mutanen gida ke gane ko ranar ta tambayar wani abu ce ko ta yin shiru.

Ni ce 'yar farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Waccan" nake a bakinsa, ko "yarinyar nan". Idan yana da magana da ni sai ya faɗa wa Inna, alhali ga ni durƙushe a gabansa. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi a kowane gida. Sai dai hakan ya sa akwai maganganu da yawa da ba ni da bakin yi masa su, ni da Allah ya yi da baki kamar reza.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina da shekara biyu da aure a Dutsin-Ma, ciwo ya kwantar da shi tun farkon damina har aka fara yankan gero. Da aka aiko cewa ya tashi, na shiga mota na tafi gaishe shi da murnata. Na tarar da shi kwance a ɗaki da rana tsaka, fuskarsa na kallon bango. Ya amsa gaisuwata da ƙyar. Na fito tsakar gida na tambayi Inna ko ciwon ne ya dawo.

Ta ce, "Ke dai bari. Likita ya ce ya warke, shi kau ya ce hula ta hi likita gaskiya."

Ta ba ni labari. Juma'ar farko bayan ya samu sauƙi, ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya ɗauki dara ya ɗora a kai kamar yadda ya saba. Hula ta zarce har gira, ta zauna a kan kunnuwansa. Shekaru sun riga sun buɗa ta, ciwo kuma ya cinye naman kan. Ya tsaya gaban madubi ya daɗe, sannan ya cire hula, ya cire riga, ya koma ya kwanta. Tun ranar bai sake taka ko zaure ba, ga shi har an shiga mako na shida. Ya ce ba zai fita mutane su ga hula tana yawo a kansa suna yi masa sannu ba. Inna ta gwada naɗe tsumma ta cusa a ciki, ya gani, ya ce, "To, an fara yi mani ciko ke nan." Ƙanena ya sayo sabuwa ƙarama, ya ƙi ko kallonta. Abinci ma loma biyu yake yi ya ture kwano.

Tsoro ya kama ni. Na san irin mutanen da ciwo ya sake su amma ɗaki ya riƙe su, kuma na san inda abin ke ƙarewa. Haushi ma ya kama ni, babba da shi, hula ta hana shi fita. Amma ina zan iya faɗa masa haka? Na ce wa Inna ta ba ni darar. Tana cikin akwati tun ranar, ba ya tambayarta. Na naɗe ta a ɗankwali na sa a jaka, a raina ina cewa wane aiki ne a nan. Na sha ganin rigar sanyi ta tsuke idan ta sha ruwan zafi.

Ina isa gida na ɗora tukunya. Na tafasa ruwa, na jefa dara, na sa sabulu, na kama cuɗa da dukan ƙarfina kamar yadda nake wanke hulunan mijina masu aikin zare. Ruwa ya yi ja kamar zoɓo, ban tsaya ba. Na matse ta tamau, na kife ta a kan katanga inda rana ta fi duka, na koma ɗaki ina yaba wa kaina.

Da la'asar na je ɗaukowa. Wallahi sai da na waiwaya ko wani ya canja mini ita. Ta ƙanƙance, ta yi tauri, ta lotsa ta gefe guda, bakinta ko kan ɗana mai wata goma ba zai shiga ba. Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka. Dā ina da uba mai hular da ta yi masa yawa, yanzu na mayar da shi marar hula gaba ɗaya.

Gidan da muke haya mu biyu ne a ciki. Ɗaya ɓangaren wasu Kiristoci ne daga wajen Jos, mijin yana tuƙa motar ɗaukar ƙasa a aikin dam na Zobe. Matar ta girme ni nesa ba kusa ba, Mama nake ce mata, ita kuma tana ce mini Amarya ko da na haihu. Kukana ne ya fito da ita. Ta karɓi hular ta jujjuya, ta danna da yatsa, ta shinshina.

Ta ce, "Amarya, wanki kika yi ko miya kika dafa?"

Na ce, "Mama, don Allah ki bar zolaya, ta Babana ce."

Ta shiga ɗaki ta fito da hular mijinta mai faffaɗan baki, launin toka, wadda yake sawa ranar Lahadi. Ta sa na taɓa. Irin gashin ne sak. Ta ce shekara goma sha tana kula da ita, ruwan sama ya sha dukanta ta tsuke, ita take buɗa ta. Irin wannan hula ba a cuɗa ta, ba a matse ta, kuma ba ta shiri da rana. Tururi take so da haƙuri, abubuwa biyu da a ganinta ban ajiye ko ɗaya a ɗakina ba.

Ta ce, "Za ta buɗu. Amma mu buɗa ta zuwa ina? Kawo mini awon kansa."

Awon kan Baba! Ni da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, zan zagaya masa zare a goshi? Inna ma ba za ta fara ba, zai gane abin da ake ciki. Na kwana biyu ina juya maganar, sai na tuna akwai mutum ɗaya a duniya da yake kama kan Baba ya juya shi yadda ya ga dama, Baba kuma ya yi shiru: wanzaminsa. Tsoho ne sa'ansa, tare suka yi wasan ƙasa, kuma duk ranar Alhamis yana shiga har ɗaki ya yi masa aski.

Mijina ya hau babur ya kai saƙo. Ya dawo ranar Alhamis da yamma yana dariya, ya miƙo mini siririn tsagin kaba da ƙulli a gefe guda. Ya ce wanzamin ya zagaya kabar a kan Baba yana cewa wai yana duba ko askin ya daidaita ta ko'ina, Baba ya ce masa ya tsufa ya fara shirme. Saƙon wanzamin gare ni shi ne, "Ka ce ma ɗiyar nan ta rage kamar faɗin ƙwayar gero ga awon. Gara ta ɗan kama shi da ta yi mashi sako-sako."

Muka shiga neman abin da za mu kife hular a kai. Mun zagaya kabar nan a jikin kusan duk abin da ke gidan: kwanon sha, ƙwarya, tukunyar miya, gwangwanin madara. Wannan ya yi yawa, wancan ya yi kaɗan. A ƙarshe muka dace da gindin ƙaramin turmina na dakan yaji. Mama ta sa na wanke shi sau uku, ta ce in ba haka ba tsohon zai yi ta atishawa a sahun gaba. Sannan ta ce kan mutum ba a zagaye yake kamar turmi ba, ya fi tsawo daga goshi zuwa ƙeya. Muka ninka tsumma muka ɗaura gaba da baya, muna aunawa muna ƙarawa, har kaba ta haɗu daidai ƙulli, da ɗan ragin da wanzami ya ce.

Mama ta ɗora butar shayi a kan risho. Da tururi ya fara fita ta hancin butar, ta kanga bakin hular a kai tana juyawa a hankali, har gashin ya yi laushi. Sai ta sa manyan yatsunta biyu a ciki ta ja kaɗan, ta juya, ta sake ja. Ta miƙo mini. Na ja da ƙarfi don a gama, ta buge mini hannu.

Ta ce, "Tun farko da gaggawa kika ɓata ta. Ki ja kamar kina gyara wa jariri kunne."

Yini guda muka yi a kai. Tururi ya ƙona mini yatsu har suka yi fari. Kowane zagaye hular na ƙara sauka a kan turmin da abin da bai fi kaurin farce ba. Wajen la'asar ta zauna ɗas har ƙasa. Muka kai ta lungun da rana ba ta shiga, Mama ta kafa mini doka kada in taɓa ta sai ta kwana uku. Na kiyaye, amma na leƙa ta ya fi sau talatin. Da ta bushe Mama ta goge ta da burushi mai laushi, ta taje tuntun da yatsa. Jan ya ɗan dushe, ba kamar dā ba, amma ta tsaya cak a kan tafin hannuna.

Ranar Alhamis na kai ta Kurfi, Inna ta mayar da ita akwati. Da wanzami ya zo, ni da Inna muka zauna bayan ƙofa muna tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya. Muna jin ƙarar aska, sai muka ji wanzamin ya ce, "Malam, kan nan hwa ya fara cikowa. Jiya-jiya aska na karo da ƙashi, yau kau nama nike ji."

Baba ya ce, "Kai dai ba ka rabo da zance."

"To a kawo dara mu gani, in ƙarya nike."

Na bar tsintar shinkafa na kasa kunne. Sannan Baba ya ɗaga murya ya ce a miƙo hula. Inna ta kai, ta fito ta bar labule a ɗage kaɗan. Na ga ya riƙe ta da hannu biyu yana kallo, ya daɗe a kan launin. Ya ɗora a kai. Ta tsaya yatsa biyu sama da gira. Ya girgiza kai, ba ta motsa ba. Ya sa yatsa ya ɗan karkata ta gefe.

Ya ce, "Har ta so ta kama ni."

Wanzami ya ce, "Mi na ce maka?"

Washegari ya tafi masallacin Juma'a da sanda, a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Na leƙa ta zaure har jan ya ɓace a kwanar layi. Bai dawo ba sai bayan la'asar, don kowa ya tare shi sai ya tsaya. Ya shigo da jar alama a goshi inda bakin hular ya kama shi, ya zauna a tabarma, ya ce wa Inna tuwon jiya da saura ko babu.

Har yau ban san ko ya gane ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kama manomin da ya jiƙa auduga don ta yi nauyi, da wuya a ce bai ga hularsa ta sha ruwa ba. Bai tambaya ba, mu ma ba mu faɗa ba. Abin da na sani shi ne, da aka buɗe awon auduga a shekarar, yana zaune a bayan sikelinsa.

Bayan kamar wata biyar, wata rana da hantsi ina shara, wani direban motar Kurfi ya yi sallama ya miƙo ƙunshi a tsohon ɗankwalin Inna. Na kwance, sai ga dara. Na ɗauka rasuwa aka yi, don na san abin da ke sa a raba mutum da hularsa. Direban ya ce Inna ta ce a gaya mini Malam yana ta faɗa, hula ta matse shi har tana sa masa ciwon kai, yatsa ma ba ya shiga. Wai a ƙara buɗa ta, kuma a hanzarta, don ya ce ba zai yi Juma'a a gida ba.

Ashe kan Baba ya ciko da gaske. Na tsaya riƙe da ita ina dariya hawaye na zuba, na ƙwala wa Mama kira ta ɗora buta.