Malam Aƙilu, Wanda Ya Bar Kwamfuta Ta Ƙirga da Kanta

Wa ya fi gaskiya, wanda ya ƙi yin ƙarya, ko wanda ya toshe wa kansa hanyarta tun kafin ta zo? Na daɗe ina juya tambayar nan, ban samu amsa ba.

Shekara goma sha shida Malam Aƙilu yana fitowa daga unguwar Kusfa a kan kekensa da sassafe, ya nufi ɗakin kwamfuta na wata cibiyar binciken noma. Masana su kawo alƙaluman gonaki, shi ya sarrafa. Yakan dunƙule umarni masu yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, abin da suke kira makro. Abokan aikinsa da hannu suke rubuta yawan gonaki a cikin nasu. Shi kuwa makro ɗinsa yakan kira aikin ƙirge da aka ƙera manhajar kwamfutar da shi, ta ƙirga gonakin da aka shigar, ta buga a saman takarda.

A watan Yunin bana, 1998, ana saura kwana goma ya yi ritaya, Dakta Dogara, wani masanin iri daga Wusasa, ya kawo gwajin sabon irin gyaɗa da ake shirin raba wa manoma. Gona ɗari biyu aka shuka. Takarda ta fito da 139. A sauran gonakin irin bai tsiro ba, ba a shigar da su ba.

"Haba Malam, gyara mana kan takardar nan. Mai da ita 200, lamba uku ce kawai," in ji Dogara.

"Dakta, ba ni na rubuta ba. Ita ta ƙirga."

"To, hana ta!"

"In na hana ta, wa zai hana manomin garin Giwa zuba irin a gonarsa?"

Dogara ya rantse ba zai sa hannu ba, ya fita.

Kai ne, Malam, ka san hannunka na iya jin kunyar manya, sai ka ɗauke shi daga wurin. Ko tsoron kanka ne wannan ko tsoron Allah, ban sani ba. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi wannan kira na aikin ƙirge a wurinsa tun yana kusa.

Ranar Litinin da ta wuce Dogara ya yi sallama a zauren Malam Aƙilu, takardar na hannunsa.

"Ara mini biro," in ji shi.

Ya dafa ta a gwiwa, ya sa hannu a ƙarƙashin 139.